Dutse Mai Gicciye Biyar

Ranar Laraba supervisor ɗin Raki, malamin da ke duba bincikenta, ya dawo mata da babinta na uku, kuma wallahi surutun da ya jera a gefe ya fi abin da ta rubuta yawa. Ya zaunar da ita a ofis, ya ba ta shayi, sannan cikin irin ladabin nan na Turawa mai kaɗa wa mutum hanji ya ce labarinta yana da daɗi ƙwarai, sai dai shi ba daɗi yake nema ba, hujja yake nema. Ranar Litinin za ta zauna gaban panel, kwamitin malaman da za su tantance aikinta. In ba ta zo da abin da ido zai gani ba, a nan PhD ɗin zai tsaya, scholarship ya tsaya, ta tattara ta koma Zariya da akwati biyu da rigunan sanyin da babu inda za ta sa su.

Shi labarin ga yadda yake. Raki zanen gine-gine ta karanta a gida, ta zo Manchester, ta rasa abin da za ta ɗora bincikenta a kai duk faɗin Ingila sai wani ɗan tsohon coci a ƙauyen Wendlecote, tafiyar minti arba'in daga Birmingham. Duk Bahaushen da ta gaya wa sai ya ɗaga gira ya maimaita, coci? Har ta gaji da bayani, ta koma cewa tsohon gini take karanta. Ginin ya haura shekara ɗari takwas. Da can na Katolika ne, kamar kowane coci a ƙasar, kafin Ingila ta juya ta koma Furotesta. A shekarar 1550 aka ba da umarni a kawar da bagaden dutse daga coci-coci, wato faffaɗan teburin nan da fada, limamin coci, ke tsayawa gabansa yana ibada, a kawo na katako. Wasu garuruwan aka farfasa nasu. Wasu aka shimfiɗa shi a ƙasa inda ake wucewa, don jama'a su riƙa takawa su gane dutse ne kawai. Ana gane irin dutsen da ƙananan gicciye biyar da aka sassaƙa masa, ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiya.

Duk littattafai sun ce na Wendlecote an farfasa shi. Raki ta ce sam. Ta ci karo da wata tsohuwar wasiƙa inda wakilin bishop yake ƙorafi cewa mutanen ƙauyen nan duk abin da aka ce musu sai su ce to, amma shi bai yarda da to ɗin ba. A kan wannan ta gina babi guda, ta ce ɓoye dutsen suka yi. Sau uku tana zuwa tana rarrafe da tocila a gabashin cocin, inda bagaden yake a da. Ba ta samo komai ba sai mura.

Ranar Alhamis ta wuni a ɗakinta na unguwar Withington a Manchester tana kuka tana cin biskit. Ranar Juma'a ta hau babbar bas zuwa Birmingham, don ta gwada sa'arta karo na ƙarshe, ta sauka unguwar Sparkbrook gidan Mma Fulera.

Mma Fulera 'yar Kumasi ce, shekararta ashirin da shida a Birmingham tana aikin care, wato kula da tsofaffi da marasa lafiya. Ita ta riƙe Raki mako uku lokacin da ta fara zuwa ƙasar aka yi mata wasa da hankali a kan gidan haya, tun daga nan take kiranta 'yata. Mace ce mai jiki, mai murya, in tana waya a Stratford Road direban bas ma yana jin sirrin gidansu. Ta saurari labarin dutse tana tuƙa miya, ba ta gane rabinsa ba, amma ta gane za a kori 'yarta. Ta ce gobe da motarta za a je. Sharaɗi ɗaya ne, ita a mota za ta zauna, ba za ta shiga ɗakin gumaka ba.

Tafiyar kanta abin a ba da labari ce. Da suka bar babban titi hanya ta tsuke, shinge ta dama shinge ta hagu, Mma Fulera tana tuƙi tana faɗa da wanda ya gina ta. Suka yi kiciɓis da tarakta, ta ƙi ja da baya, ta leƙo tana yi wa manomin bayani cewa ita ta girme shi, har bawan Allah ya haƙura ya koma da baya yana dariya. Tumaki kuwa duk garken da suka wuce sai ta yi musu kuɗi da ido, ta ce asara, ga Sallah tana zuwa kowace shekara. Raki ta fito gida zuciyarta a cunkushe, amma kafin su isa ta yi dariya har cikinta ya ƙulle.

Suna isa ruwa ya ɓarke. Cocin yana tsaye a kan ɗan tudu, jan dutse, da gajeriyar hasumiya mai kusurwa huɗu wadda aka ƙara masa bayan shekara ɗari uku da gina shi. A zauren shiga wata tsohuwa tana jiransu da makulli mai girman ludayi. Ita ce mai kula da cocin, shekararta saba'in da tara, a ƙauyen aka haife ta, aka haifi uwarta. Ta ce sunanta Delight, kuma haka take so a kira ta. Mma Fulera, wadda ta ce a mota za ta zauna, ta yi minti biyu tana kallon ruwa a gilashi, ta ga ba ta da abokin hira, sai ga ta a zaure. Ta ce ita ba ta iya kiran babba da gatsal ba, don haka Mama Delight.

Ƙofar ciki ita ce mafi tsufa a ginin, baka zagayayye, an yi masa ado kamar haƙoran zarto. Delight ta murɗa makulli, ta tura. Mma Fulera ta sunkuya ta fara kwance takalmi.

Raki ta matso ta raɗa mata cewa nan ba a cirewa, kowa da takalminsa yake shiga, ita ma sau uku da takalminta sau-ciki ta shiga.

"Ɗakin da mutane suka yi shekara ɗari takwas suna ibada a ciki, ni Fulera in shiga da takalmin da na taka kashin tumaki? Ba a yi min wannan tarbiyyar ba. Cire naki."

Raki ta ji kamar ta nutse don kunya, amma ta cire. Delight ta dubi takalma biyu a jere, ta dubi nata manyan takalman ruwa da suka sha taɓo, ta ce ita dai ba za a bar ta a baya ba a cocinta. Ta dafa bango ta zare su. Safarta ɗaya ja, ɗaya kore.

Kai, sanyin daɓen nan ba a magana. Mata uku suka shiga suna ɗage ƙafa, kowace tana danne dariya, Mma Fulera tana kiran sunan Allah a kowane taku. Safar Mma Fulera ta riga ta jiƙe a zaure, ta tuɓe ta ta cusa a jaka, ta ce gara sanyi zalla da sanyi mai ruwa. Sannan ta tsaya a tsakiya, ta riƙe ƙugu, ta waiga gabas ta waiga yamma tana neman gumakan da ta zo gudu. Babu ko ɗaya. Bango fari fat, tagogi dogaye masu tsini a sama, kujerun katako, da ƙaton mumbari. Ta tambaya ko an kwashe su ne don an ji za ta zo.

Nan fa bakin Raki ya buɗe, don in dai maganar ginin nan ce ba ta gajiya. Ta nuna mata alkukai a bango, fanko, inda mutum-mutumin waliyyai suke a da. Ta nuna mata ƙananan mala'ikun dutse a saman ginshiƙai waɗanda aka bi da guduma aka fasa musu fuska. Ta ce wannan farar ƙasar da take gani, ƙarƙashinta zane ne tun daga ƙasa har rufi, aljanna da wuta da ranar hisabi, duk aka shafe. Ga wani wuri can sama inda farar ta ɓantale, ƙafar wani mutum ta leƙo, shekara ɗari biyar ba a san ko ta waye ba. 'Yan Furotesta ne suka ce ba sa son hoto a wurin ibada, karatu da wa'azi kawai, shi ya sa mumbarin ya fi komai girma. Mma Fulera ta gyaɗa kai ta ce ashe su ma sun yi nasu 'yan wa'azin masu zafi.

Abin da ya fi burge ta wata 'yar matakala ce a cikin kaurin bango, tana nannaɗewa ta hau, ta ƙare a wata ƙofa da ke buɗewa ga iska. Raki ta ce a da akwai baranda ta katako a wurin, mai ɗauke da babban gicciye, aka sare ta aka ƙone, aka bar matakalar. Mma Fulera ta ce sai ta hau. Ta kai mataki na huɗu ta maƙale. Sai da Raki ta ja ta baya, Delight tana riƙe da jakarta tana dariya har da tari.

Daga nan wasa ya ƙare, Raki ta ɗauki tocila da abin awo ta koma gabas. Ta bi daɓen dutse bayan dutse, ta ƙwanƙwasa, ta haska ta gefe, ta leƙa ƙarƙashin teburin katakon. Awa biyu. Duk abin da ta gani ta riga ta gan shi sau uku. Ta zo ta zauna a kujerar gaba, gwiwoyinta sun yi baƙi, ta ji tsoro na gaske ya kama ta. Shekara ɗaya da rabi ta yi a kan abin da wataƙila babu shi, kuma jibi za a faɗa mata haka a gaban mutum uku.

Mma Fulera ta dubi wayarta ta ga Azahar tana neman kuɓucewa, ga ranar hunturu ba ta da tsawo, ga ruwa bai tsagaita ba. Da alwalarta tun daga gida. Ta tambayi Mama Delight ko za ta iya samun ɗan lungu ta yi salla, tunda dai ta duba da idonta babu hoto babu gunki. Delight ta ce ta zaɓi duk inda ya yi mata.

Zaɓen wurin ma aiki ne, don Mma Fulera ba ta salla inda za a gitta ta gabanta. Tsakiya hanya ce. Gefen kudu nan ƙofa take. Bayan coci ana wucewa zuwa hasumiya. Ta yi ta zagaye tana tsaki, har ta isa bangon arewa, inda akwai wani loko. Tsohuwar ƙofa ce aka toshe da duwatsu, bakanta yana nan a bango. An shimfiɗa wani siririn kafet da ya ƙoƙe, an jibge kwalayen kofunan shayi a kai. Ta ce yauwa, nan ko ɓera ba shi da dalilin wucewa. Ta ture kwalayen, ta duba alƙibla a waya, ta shimfiɗa gyalenta, ta hau.

Ba ta kai ga kabbara ba ta sauko da hannu. Ta matsa gefe, ta sake tsayawa, ta sake yin tsaki. Raki tana jin ta daga inda take zaune, tana mita cewa Turawa da duk iliminsu sun kasa daɓe mai laushi, nan rami can rami, kuma duk ramin iri ɗaya, kamar da gangan.

Raki ta ɗago. Ta tambaye ta wane iri.

"Ga shi ina ji da babban yatsana. Layi ɗaya ya tafi haka, ɗaya ya gitta shi haka. Na matsa nan, na sake taka wani."

Raki ba ta san lokacin da ta tsallake kujeru biyu ba. Ta durƙusa ta shafa kafet ɗin da tafin hannu, ba ta ji komai ba, don hannunta ya mutu da sanyi. Ta miƙe ta fizge safarta ta taka. Ga shi nan kuwa, ɗan gicciye, bai fi tsawon yatsa ba. Ta juya ga Delight, Turancin ma ya gudu, da ƙyar ta haɗa tambayar ko za a iya ɗaga kafet ɗin. Delight ta ce a ɗaga, dama ita ba ta taɓa son sa ba. Marigayi mijinta ne ya shimfiɗa shi a 1978, ranar da aka fitar da wani ruɓaɓɓen kabad da ya yi shekaru aru-aru a wurin, kuma shi mutum ne da ko giwa aka sassaƙa a ƙasa ba zai lura ba.

Su uku suka kama gefe suka naɗe. Ƙura ta tashi, suka yi ta atishawa. Ƙarƙashi dutse ne guda ɗaya, dogo, ya fi tsawon mutum, launinsa daban da sauran daɓen. Raki ta goge da hannun rigarta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta rarrafa tsakiya ta hure ƙasa. Biyar.

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye yana zuba, tana nuna dutsen tana nuna toshasshiyar ƙofar. Da numfashinta ya dawo ta yi musu bayani da Hausa da Turanci a cakuɗe. An ce wa mutanen ƙauyen su shimfiɗa shi a bakin ƙofa don a riƙa takawa. Suka ce to. Suka shimfiɗa shi a bakin ƙofar arewa, yadda ko wakilin bishop ya zo zai ga an bi umarni. Yana juya baya suka kawo duwatsu suka toshe ƙofar, suka ɗora kabad. Ita kuma duk zuwanta gabas take nema, wurin da yake a da, ba ta taɓa tambayar kanta ina ne ba a wucewa ba.

Sai a lokacin Mma Fulera ta lura har yanzu ƙafarta ɗaya tana kan dutsen. Ta yi wani tsalle da ba a zaci mai jikinta za ta iya ba.

"Shekara ɗari huɗu da saba'in suna kaffa-kaffa kada a taka, sai ni daga Kumasi? Mama Delight, sorry, don Allah ki yafe ni."

Delight ta kama hannunta da hannu biyu. Idonta ya cika. Ta ce kakanninta ne suka yi wannan wayon, ita kuma shekara arba'in tana ɗora kofunan shayi a kai ba ta sani ba, kuma in dai sai an taka, ta gode da aka taka ba takalmi. Daga faɗin haka tsohuwar nan ta juya da safarta ja da kore, ta nufi hasumiya, ta kama igiya ta shiga kaɗa ƙararrawa da tsakar ranar Asabar. Mutanen ƙauye suka fito a ruwa su ga ko gobara ce. Mutum shida ne da kare. Suka tarar da takalma uku a jere a zaure, da wata mata a gefe tana salla a kan gyale, don Mma Fulera ta ce lokon can dai ta bar wa masu shi. Ba wanda ya ce musu komai, amma duk shidan sai da suka cire nasu.

Raki ta kira supervisor ta bidiyo. Yana cikin kanti yana tura kwando. Ta haska masa gicciyen ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya saki wata kalma da ba ta dace da coci ba, ya ba da haƙuri, ya ce kada ta taɓa komai, ta auna komai, ta ɗauki hoton duwatsun da aka toshe ƙofar da su, gobe da safe yana hanya. A hanyar komawa Sparkbrook Mma Fulera ta kira mutum tara, kowa ta gaya masa ta gano dutsen da furofesoshin Ingila suka kasa ganowa, da yatsan ƙafa.

Ranar Litinin panel bai kai minti talatin ba. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi wace na'ura aka yi amfani da ita wajen gano shi, Raki ta faɗi gaskiya, supervisor ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa don dariya. Suka ce ta ci gaba. Suka ce babin zai iya zama littafi.

Ta fito tana jin kamar ta rungumi duk wanda ta gani. A tashar bas ta kira mahaifiyarta a Zariya, wadda tun ranar Laraba ta gaya mata cikin kuka cewa wataƙila ƙarshen wata tana gida. Ta kwararo mata labari, dutse, ƙofa, kafet, ƙararrawa, tana yi tana haki. Mama ta saurara har ƙarshe, ta yi hamdala, ta sa albarka, ta ce a gaishe da baiwar Allahn nan ta Ghana. Sannan ta tambayi abin da ya dame ta.

"To yanzu yaushe za ki dawo ke nan?"

"Sai nan da shekara biyu, Mama, in Allah ya yarda."



"To madalla. Haka ake so," in ji Mama. Muryarta ta yi ƙasa. "Dama na sa an share miki ɗakinki, an wanke labule. Bari in ce su mayar da buhunan masarar da aka fitar daga ciki."

Bas ɗin Withington ya zo ya tsaya, mutane suka shiga, ya tashi. Raki tana tsaye da waya a kunne, tana tambayar Mama wane labulen, shuɗin ko mai furanni.